Tushen Dokar Tsakanin Mutane a Jami'a da Matsalar Kalmominta a Hausa

1. Gabatarwa

A ran 26 ga watan Maris na 2025 aka ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa, wanda ya mai da Hausa harshen ƙasa a Jamhuriyar Nijar, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Kafin nan, dokar 31 ga Disamba 2001 ta lissafa Hausa ne cikin harsunan ƙasa guda 10, Faransanci kuwa yana harshen hukuma. Wannan sabon matsayi ya ɗora wa masu binciken harshe da masu tsara karatun manya wani nauyi, watau su samar wa Hausa kalmomin da za ta ɗauki ilmin da jami'o'in gwamnati suke koyarwa da Faransanci. Cikin waɗannan fannoni babu wanda ya fi shiga gidan talaka kamar na doka, musamman reshen da ake kira *droit privé*, domin shi ne mai magana a kan aure da gado da gona da bashi.

Manufarmu a nan ita ce mu bayyana abin da ɗalibi yake koyo a farkon karatun wannan reshe, sa'an nan mu auna kowane jigo da kalmomin da Hausa take da su. Za a ga inda Hausa ta wadata har ta fi Faransanci rarrabewa, a kuma ga inda kalma take kama da ta dace alhali tana ɓad da mai sauraro.

2. Asalin abin da ake koyarwa

An kafa cibiyar ilmi mai zurfi a Yamai a 1971, ta zama jami'a a 1973, aka sa mata sunan Abdu Mumuni a 1992. Jami'ar Tawa, wadda aka kafa a 2010, ita ma tana da tsangayar doka da tattalin arziki. A irin waɗannan tsangayoyi ɗalibi yakan fara da darasin share fage, sa'an nan dokar mutane da iyali, da dokar dukiya, da dokar wajibai. Ban da laccar malami, akwai zaman aiki na ƙananan rukunoni, inda ake ba ɗalibi labarin wata rigima ya warware ta bisa ayoyin doka, ko a ba shi hukuncin wata kotu ya yi masa sharhi.

Littafin da wannan karatu ya dogara a kansa shi ne kundin Faransa na 1804, wanda ake kira Kod Sibil, mai ayoyi 2281 a bugun farko. Tsarinsa na da tushe a dokar Rumawa, wadda tun ƙarni na 2 ta kasa ilmin doka zuwa mutane da abubuwa da ƙararraki. A zamanin mulkin mallaka kundin ya hau kan masu matsayin ɗan ƙasar Faransa, sauran jama'a kuwa kotunan ƴan ƙasa suna yi musu shari'a bisa al'adunsu. Da aka sami ƴancin kai a 1960, tsarin mulki ya bar dokokin da aka tarar su ci gaba da aiki muddin ba su saɓa masa ba. Ta haka kundin ya zama na Nijar.

Sai dai bai zauna shi kaɗai ba. Dokar 16 ga Maris 1962 a kan tsarin kotuna, da wadda ta gaje ta a 2004, da ta 1 ga Yuni 2018, duk sun umarci alƙali ya bi al'adar masu ƙara a sha'anin aure da saki da nasaba da gado da kyauta da wasiyya, da kuma filayen da ba a yi musu rajista ba, da sharaɗin kada al'adar ta saɓa wa doka, ko kuma, tun daga ta 2004, yarjeniyoyin da ƙasa ta amince da su. A irin wannan shari'a alƙali yakan zauna da masana al'ada masu ba shi shawara. Al'adar Hausawa kuwa ta cuɗanya da fiƙihun Malikiyya tun da daɗewa, ta hanyar littattafai irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil. Akwai kuma tushe na uku: Nijar na cikin ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar OHADA ran 17 ga Oktoba 1993, wadda ta haɗe dokokin kasuwanci na ƙasashe da yawa na Afirka, da babbar kotunta a Abijan. Ke nan ɗalibi yana karatu da Faransanci a kan doka mai rassa uku, ɗaya daga cikinsu kuwa da Hausa da Larabci aka raine shi.

3. Sunan fannin kansa

Darasin farko na ɗalibi shi ne cewa kalmar *droit* tana da ma'ana biyu: tarin ƙa'idojin da ke tafiyar da zaman jama'a, da kuma abin da mutum ya cancanta bisa waɗannan ƙa'idoji. Malami yakan ɓata lokaci kafin ɗalibi ya raba su. Hausa ba ta da wannan wahala, don tana da "doka" ga ma'ana ta farko, da "haƙƙi" ga ta biyu. Abin lura dai shi ne "haƙƙi" yana fuskantar ɓangare biyu. Wanda ya ce "haƙƙina ne" yana nema ne, wanda ya ce "haƙƙi ne a kaina" yana ɗauke da nauyi ne. Don haka a rubutun doka ya kamata a riƙa faɗar mai haƙƙin da wanda ake bin sa a fili. Kalmar "shari'a" ita ma tana da fuska biyu, dokar Musulunci da zaman kotu, saboda haka ba za ta zama sunan fannin gaba ɗaya ba tare da ruɗani ba.

Kalmar *privé* ta fi wuya. Idan aka ce "dokar sirri", mai sauraro zai zaci doka ce ta ɓoye. Idan aka ce "doka mai zaman kanta", an ari lafazin da ake yi wa makaranta ko asibitin da ba na gwamnati ba, alhali wannan doka gwamnati ce ta kafa ta, alƙalanta ke zartar da ita. Haka nan "dokar farar hula" ba ta fassara *droit civil*, gama farar hula kishiyar soja ce, soja kuwa yana aure, yana cin gado, yana cin bashi. Abin da reshen yake nufi shi ne hulɗar mutum da mutum a matsayin tsara, ba mai iko a kan wani. Shi ya sa muka zaɓi "dokar tsakanin mutane", muka bar "dokar hukuma" ga ɗaya reshen, mai kula da tsarin gwamnati da hulɗarta da talakawa. Kalmar "mu'amala" ta malamai tana kusa da wannan ma'ana, amma ita kishiyarta "ibada" ce, watau rabon nata ya bi wata hanya daban.

4. Mutum a idon doka

A wajen masana doka, "mutum" shi ne duk wanda zai iya riƙe haƙƙi, a kuma bi shi haƙƙi. Ɗan Adam yana samun wannan matsayi da haihuwa, idan an haife shi da rai kuma mai iya rayuwa, ya rasa shi da mutuwa. Ana kuma lissafa ɗan da ke ciki kamar an haife shi a duk inda amfaninsa yake, misali a gado. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, wanda ya san ana dakatar da rabon gado har mai ciki ta sauka, ya kuma san malamai suna tambaya ko jaririn ya yi kuka kafin ya koma.

Baƙon abu shi ne mutum na biyu, wanda Faransanci ke kira *personne morale*: kamfani ko ƙungiya ko haɗakar manoma, wadda doka ta ba suna da mazauni da dukiya daban da na membobinta. A tsarin OHADA kamfani yana samun wannan matsayi ne daga ranar da aka shigar da shi rajistar kasuwanci. Mai fassara kalma da kalma zai ce "mutumin kirki" ko "mutum mai ɗa'a", ya yi nisa da gaskiya. Muna ganin "mutum a hukumance" ko "ƙungiya mai matsayin mutum" sun fi kusa. Masu koyar da ƴan ƙungiyoyin ƙauye sun san amfanin wannan bambanci, domin a kansa amsar tambayar nan take: idan ƙungiya ta ci bashi ta kasa biya, wa za a bi, kuma har ina?

Sai batun cancantar ƙulla hulɗa. Kundin kamar yadda Nijar ta gaje shi ya sa shekara 21 a matsayin iyakar ƙuruciya, Faransa kuwa ta sauko da nata zuwa 18 a 1974. Ana yawan fassara *majeur* da "baligi", amma balaga alama ce ta jiki, tana iya zuwa shekaru da dama kafin 21. Fiƙihu kansa bai wadatu da balaga ba wajen miƙa wa maraya dukiyarsa, sai ya ƙara sharaɗin rushdu, watau iya tattali. Ya fi kyau a bar "baligi" ga al'ada da fiƙihu, a ce "wanda ya cika shekarun doka" ga kundin.

5. Dukiya da mallaka

Aya ta 516 ta kasa dukiya gida biyu, wadda ake iya gusarwa da wadda take kafe. Saniya da mota da hatsin da ke rumbu da kuɗi suna gidan farko, gona da gida da itacen da ke tsaye suna na biyu. Hatsi yana gida na biyu muddin yana kan kara, da an girbe shi ya koma na farko. Aya ta 524 ta ƙara wata dabara: shanun huɗar da mai gona ya ajiye don aikin gonarsa ana lissafa su tare da gonar, ko da yake suna tafiya da ƙafafunsu. "Dukiya mai gusuwa" da "kafaffiyar dukiya" za su iya ɗaukar wannan rabo, in an bi su da misalai.

Aya ta 544 ta bayyana mallaka a matsayin iko mafi cika a kan abu, malamai kuma sukan kasa shi uku: amfani da abin, cin abin da ya haifar, da rabuwa da shi ta sayarwa ko kyauta. Hausar manoma tana rarrabe waɗannan da kanta. Gonar gado da ta saye da ta kyauta suna ba da ikon duka uku. Gonar aro da ta haya da ta jingina suna ba da biyun farko kaɗai. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta ba haƙƙin da ya fito daga al'ada kariya daidai da wanda ya fito daga rubutacciyar doka, ta kuma kafa hukumomin filaye masu ba da takardu a kan saye da kyauta da aro da haya da jingina. A nan kalmomin Hausa ne asali, Faransanci ne yake fassara.

"Jingina" ta isa misali. Wanda ya jinginar da gonarsa yana miƙa ta ga mai kuɗi, shi kuma ya noma ta har ran da aka fanshe ta. Takardun hukuma suna kiran wannan *gage* na al'ada, amma *gage* da ɗalibi ya koya a aji a kan dukiya mai gusuwa yake. Ita kuwa *hypothèque*, wadda ake yi a kan gida ko fili, tana barin abin a hannun mai shi. Wadda ta fi kusa da jingina a kundin ita ce *antichrèse*, kalmar da ko masu Faransanci ba kowa ya san ta ba. Idan tafinta ya kira dukansu "jingina", mai gidan da ya karɓi bashin banki ba zai gane cewa zai ci gaba da zama a gidansa ba, ko kuma ya gane haka amma bai san ana iya sayar da gidan in ya kasa biya ba.

6. Wajibai: yarjejeniya da ɓarna

Wajibi a nan igiya ce ta doka tsakanin mutum biyu, ɗaya yana bin ɗaya ya ba shi wani abu, ko ya yi masa wani aiki, ko ya bar yin wani abu. "Bashi" ita ce kalmar da ta fi kusa, sai dai Bahaushe ya fi jin ta a kan kuɗi da hatsi, alhali maginin da ya karɓi aikin ɗaki shi ma ana bin sa a idon doka.

Babban tushen wajibi shi ne yarjejeniya. Aya ta 1108 ta gindaya mata sharuɗɗa 4: yarda, cancanta, tabbataccen abin da aka ƙulla a kansa, da halattaccen dalili. Aya ta 1134 ta ce yarjejeniyar da aka ƙulla bisa ƙa'ida tana ɗaure waɗanda suka ƙulla ta kamar yadda doka take ɗaure su. Aya ta 1583 kuma ta ce ciniki ya faɗa da zarar an daidaita a kan kaya da kuɗi, ko ba a miƙa ba, ko ba a biya ba. Kasuwar Hausa tana da lafazi ga kowane mataki na wannan: mai saye ya taya, mai kaya ya ce "albarka" in bai yarda ba, ya ce "na sallama" in ya yarda. Abubuwa uku masu ɓata yarda su ma suna da suna, watau kuskure da yaudara da tilas. Hausa ta kuma raba abin da Faransanci ya haɗa a kalmar *prêt*: "aro" ga abin da za a mayar da shi kansa, kamar jaki ko garma, "rance" ga abin da za a mayar da kwatankwacinsa, kamar kuɗi ko tiyar gero. Ɗalibi Bahaushe ya zo aji da wannan bambanci a bakinsa.

Sharaɗi na huɗu, wanda ake kira *cause*, shi ne mai wahalar da ɗalibai. Ba ya nufin abin da ke zuciyar mai saye kaɗai. A ciniki, dalilin wajibin mai saye shi ne wajibin mai sayarwa, kowane yana rataye da ɗan'uwansa. Karin maganar nan mai cewa kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski ta kama ma'anar sosai. Faransa ta cire kalmar daga kundinta a gyaran 10 ga Fabrairu 2016, ta kuma sake wa ayoyi lamba, amma wannan gyara bai shafi Nijar ba. Mai haɗa ƙamus ya kula da haka, kada ya ɗauki sabon littafin Faransa ya zaci shi ne dokar ƙasarmu.

Tushe na biyu shi ne ɓarna. Aya ta 1382 ta wajabta wa wanda ya cuci wani ta hanyar aikinsa marar kyau ya gyara. Ɗalibi yakan nemi abu uku: aikin da bai dace ba, cutar da ta auku, da alaƙar da ke tsakaninsu. Aya ta 1385 ta ɗora wa mai dabba, ko wanda take hannunsa yana aiki da ita, alhakin ɓarnar da ta yi, ko da ta kuɓuce ne. Matsalar harshe a nan ita ce "laifi", wadda ta haɗa abin da hukuma ke hukuntawa da ɗauri ko tara da abin da ake biya wa wanda aka cuta. Makiyayin da aka ce masa "kana da laifi" zai ji an kira shi mai mugun nufi, ya tsaya musu, alhali abin da ake nufi shi ne biyan ɓarna yana kansa. "Tara" tana shiga baitulmali, "biyan ɓarna" yana shiga hannun mai gona. Sarakunan gargajiya, waɗanda doka ta ba ikon sasanta irin wannan rigima, suna bukatar kalmomin nan biyu a rarrabe.

7. Hujja

Aya ta 1315 ta ɗora kawo hujja a kan mai nema, abin da ya yi daidai da ƙa'idar da alƙalan Malikiyya suke bi. Bambancin yana wajen darajar takarda. Fiƙihu da al'ada sun dogara ga shaidu da rantsuwa, kundin kuwa a aya ta 1341 ya bukaci rubutu in kuɗin ya wuce wani adadi, ya kuma hana a kawo shaidar baka don ƙaryata abin da takarda ta ƙunsa. Wanda ya dangwala yatsa a takardar da bai iya karantawa ba yana iya ɗaure kansa da abin da bai faɗa ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa takardun saye da aro da jingina su shiga littattafan yaƙi da jahilci.

Kalmar "shaida" tana nufin mutum, da maganarsa, da takarda, da alama. Muna ba da shawarar a ce "mai shaida" ga mutum, "shaida" ga maganarsa, "takardar shaida" ga rubutu, a keɓe "hujja" ga duk abin da ke tabbatar da magana a gaban alƙali. Ƙa'idar rubutu ita ma tana da nata tasiri. Rubutun da aka bi a Nijar bayan taron Bamako na 1966 yana ninka dogon wasali, aka bar wannan bayan taron daidaita rubutun Hausa da aka yi a Yamai a 1980. Saboda haka "riba" ta ciniki, mai dogon wasalin farko, da "riba" da addini ya hana, mai gajere, sun zama ɗaya a takarda. A rubutun doka gara a ce "kuɗin ruwa" in ana nufin ƙarin da ke kan bashi.

8. Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya kasa kalmomin fannin kashi uku. Akwai waɗanda Hausa take da su cikakku, kamar aro da rance da haya da wasiyya, aikinmu a kansu shi ne tattarawa da tabbatar da ma'ana. Akwai masu kama da sun dace amma iyakarsu ta bambanta, kamar baligi da jingina da laifi, waɗannan su ne masu haɗari, kowace tana bukatar bayani da misali a ƙamus. Akwai kuma waɗanda sai an ƙirƙira, kamar sunan ƙungiya mai matsayin mutum.

Wajen tattarawa, a fara da bakin masu aiki da kalmomin: tafintocin kotu, masana al'ada, fadawan sarakuna, dillalai, da malaman zaure, a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Dogon Dutsi, don a ji inda karin harshe ya bambanta. A duba kalmomin Nijeriya da idon basira. "Kotu" da "lauya" sun ƙetaro iyaka ta rediyo sun zauna, amma dokar can ta samo tushe daga ta Ingila, saboda haka kalma ɗaya tana iya ɗaukar ma'ana biyu a Katsina da Maraɗi. Kada a tabbatar da kalma sai masanin doka da masanin harshe sun zauna a kanta tare, sa'an nan a gwada ta a ajin karatun manya: a karanta wa ɗalibai takardar jingina da sababbin kalmomin, a tambaye su wa zai noma gonar bana, wa kuma zai iya sayar da ita. In amsarsu ta yi daidai da ta alƙali, kalmar ta cancanci shiga ƙamus.